Amsa ga mai son shigo da garin deksametason ta Illela

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ya hana ni zama sai yanzu bayan isha'i. Bari in maimaita abin da ka tambaya saboda masu karatu: ka ce kana da shagon kemis nan cikin garin Sakkwato, wani ejan da kunka haɗu a WhatsApp, shina can Sin, ya yi maka tayin garin deksametason da na firednisolon, wato magungunan sitiroyid masu rage kumburi, duro mai kilo 25, farashi kamar kyauta, ya ce zai aiko ta Lome a bi da shi Nijar a sauke maka Ƙonni, kai kuma ka shigo da shi ta Illela ka riƙa sayar ma masu haɗa man shafawa da ƙananan kamfanoni. Kana son ka san wace takarda za ka nema kuma nawa ne kuɗɗin kwastan.

To ƙanena gaskiya ɗaya ce, a yadda ka tsara abin nan babu takardar da za ta gyara shi. Ba wai takardun na da wuya ba, a'a, kai ne ba ka cikin waɗanda doka ta ce a ba, hanyar da ka zaɓa ma ba hanyar magani ba ce. Na yi shekaru ina famasis mai kula a kamfanin haɗa magunguna, da lasisina aka riƙa fiddo irin wanga kaya, don haka bari in warware maka yadda abin yake.

Mu fara da lissafi don shi zai sa ka gane dalilin tsananin. Ƙwayar deksametason da ka sani, ƴar ƙaramar nan, rabin miligiram ne na maganin a cikinta, sauran duk sitaci ne da abin ɗaure ƙwaya. Kilo ɗaya ke nan ƙwaya miliyan 2. Duronka mai kilo 25 ƙwaya miliyan 50. A ƙidayar 2006 mutanen jihar Sakkwato gaba ɗaya miliyan 3.7 ne, wato da za a raba duron nan kowa da kowa har jariri na goye sai ya tashi da ƙwaya sama da 13. Kuma maganin ba wasa ba ne, miligiram 0.75 nasa daidai yake da miligiram 5 na firednisolon, daidai da miligiram 20 na haidirokotizon. Mu a kamfani galibi cikin gwangwanin alminiyon na kilo ɗaya ko biyar muke karɓarsa, ana awonsa ɗaki a rufe, mai awo da safar hannu da takunkumi, mutum biyu su sa hannu. Shi ya sa da na ji an ce duro guda kuma da araha sai da na gyara zama. Ko dai ba shi ba ne, ko an cakuɗa shi, ko wanda ya kusa mutuwa ne ake neman inda za a zubar.

Wa doka ta yarda ya shigo da shi? Hukumomi biyu ne a gabanka kafin ma a zo maganar kwastan. Ta farko majalisar masu haɗa magunguna, PCN, wadda ita ta ba ka lasisin shagonka. Lasisin kemis na sayar da magungunan da ba su buƙatar takardar likita ne, cikin jerin da anka amince, ko ƙwayar deksametason ɗin bai kamata a same ta kan kantarka ba balle garinta (na san ana sayarwa, kada ka ce ban san gari ba, amma ana yi daban, an halatta daban). Mai shigo da kaya sai ya zama kamfani mai rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji, wurinsa PCN ta duba ta yi masa rajista a matsayin masana'anta ko mai shigowa, kuma da famasis mai kula wanda ya sabunta lasisinsa na shekarar. Ta biyu NAFDAC, wadda anka kafa 1993. Ita ke ba da famit na shigo da kayan haɗa magani, kuma famit ɗin ba buɗaɗɗe ba ne, ana rubuta sunan sinadarin da yawan kilo da kamfanin da ya yi shi, na shekara ne ana sabuntawa. Idan masana'anta ce za su duba ko tana da magani mai lambar NAFDAC da ke buƙatar wanga sinadari, su kwatanta kilon da ka nema da abin da injinka ke iya bugawa. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan shigo da garin su sayar ma masana'antu, su ma sai an duba sitonsu kuma sai sun iya nuna wa sunka sayar ma wa. Masu haɗa man bilicin a bayan gida ba su cikin wanga lissafi ko kaɗan.

Kada ka ga kamar mugunta ce. Ka tuna maganin haƙoran yara My Pikin, ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 sunka mutu ƙodarsu ta tsaya. Ba wani abu ya jawo ba illa kayan haɗi da anka saya hannun dillalin da ba shi da izini, ashe da guba a ciki. Gambiya ma a 2022 yara wajen 70 sunka tafi ta irin wagga hanya da maganin tari. Duk wanda ya yi aiki a wannan fanni da waɗannan yara a ransa yake duba takardar kayan haɗi.

Sai maganar Illela. Ƙanena magani da kayan haɗa shi ba a shigo da su ta iyakar ƙasa, wannan tun zamanin marigayiya Dora Akunyili da ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 anka tsaurara shi, aka ce sai ta tashoshin ruwa da filayen jirgi da anka ware, irin Apapa da filin Murtala Muhammed na Legas da na Malam Aminu Kano. Na san abin da ke ruɗa mutanenmu, za ka ji an ce ai an buɗe boda tun Disamba 2020, Illela ma na cikin huɗun farko da anka buɗe tare da Seme da Maigatari da Mfum. Gaskiya ne an buɗe, amma ma albasa da wake da dabbobi da sauran halattattun kaya, buɗewar ba ta goge dokar magani ba. Ko da famit ɗinka a hannu ka biyo da duron ta Ƙonni, sunansa fasa-ƙwauri. Kuma ka dubi tafiyar da kanta, tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 hanyar Kwatano ta rikice, kaya sai sun zagaya ta Burkina, makonni cikin mota rana na dukansu, Nijar ɗin ma ta fita ECOWAS. Sinadarin da anka rubuta a jikinsa a kare shi daga haske da zafi. Haba.

Irin waɗannan ejan masu cewa kai dai biya mu kawo maka har ƙofa, ka taɓa tambayar kanka mi suke rubutawa a takarda? Ba su rubuta deksametason. Sai su sa garin fenti ko kayan haɗa abinci ko sinadarin wanki. Ranar da anka buɗe anka ɗebi samfur, shi yana Guangzhou ya canza lamba, kai ne sunanka da lambar wayarka ke jikin kaya. Dokar jabun magunguna ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ko tara ko duka biyun, ban da ƙaryar bayanin kaya da kwastan za su kama ka da ita daban.

To yanzu a ce kai kamfani ne mai cikakkar rajista, ko ka haɗa jari da mai ita, ga yadda ake bi, kuma abin da nake so ka riƙe shi ne takarda ke gaba kaya na biye, duk wanda ya juya wanga tsari ya sayi wahala da kuɗɗinsa. Famit na NAFDAC tukuna. Sannan mai sayarwa ya aiko maka da inbois na tayi, wato takardar farashin kayan, ka kai bankinka a buɗe Fom M, takardar neman shigo da kaya daga waje, da inshorar kaya daga kamfanin inshora na Najeriya ba na waje ba, da famit ɗin a liƙe. Sai Fom M ya samu amincewa kake ce musu su loda. Idan daga Indiya ko Sin ne, kuma kusan duk wanga kaya daga can yake fitowa, ka sa maganar CRIA a lissafi tun ranar farko, wato rahoton dubawa da gwaji da wakilan NAFDAC ke yi a can ƙasar kafin a loda magani, domin abu ne da ba a yin sa bayan jirgi ya tashi. Kaya na kan hanya banki zai tura takardun ƙarshe, inbois da takardar lodi da jerin ƙunshi da shaidar ƙasar da anka yi kayan, kwastan su fitar da PAAR, wato rahoton ƙiyasta kaya da harajinsu kafin su iso, wanda sunka karɓi yin sa da kansu tun ƙarshen 2013. Da shi ejan ɗinka mai lasisin kiliyarin zai shigar da bayani, yanzu an koma manhajar B'Odogwu, a biya, a sa ranar dubawa. Ranar nan kwastan da jami'an NAFDAC na tasha tare suke buɗewa, a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji, babbansu na Yaba ne a Legas. Wani lokaci za a sake maka kayan ka kai sito bisa alkawarin ba za ka taɓa ba sai sakamako ya fito, kuma famasis ne ke sa hannu a wannan alkawari, da lasisinsa yake jingina.

Inda mutane sunka fi faɗuwa ba wajen manyan abubuwan nan ba ne, wajen suna ne da lamba. Kowane kaya na da lambarsa a kundin kwastan na duniya. Su kotizon da haidirokotizon da firednison da firednisolon lambarsu 2937.21. Su deksametason da betametason, da yake an liƙa musu sinadarin fulorin, nasu gida daban ne, 2937.22. Idan kuma an riga an buga shi ƙwaya ko allura ko man shafawa an sa a kwali to ya bar babi na 29 gaba ɗaya ya koma 3004.32, shi kuma sai da lambar rajistar NAFDAC ta maganin kansa. Kai da ka ce deksametason da firednisolon, layi biyu ke nan a Fom M, lamba biyu, ko da cikin kwali ɗaya sunka zo. Ejan mai gaggawa sai ya haɗe su layi ɗaya, ranar dubawa a ce bayani bai dace da kaya ba.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni, har yau in na tuna sai raina ya sosu. Mun yi odar kilo 5 ta jirgin sama, famit ɗinmu ya ce deksametason kawai, inbois na tayi ma haka. Muna tsaye rumfar kaya a Legas, zafi, ejan na ta fifita da fayil, jami'ar ta sa anka yanka tef ɗin kwali, ta ɗago gwangwani ta juya shi ta karanta, ta dubi takarda, ta sake duban gwangwani. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi famasis zo ka karanta min nan. A jikin gwangwanin an rubuta deksametason sodiyom fosfet. Wato mai narkewa a ruwa da ake allura da maganin ɗigon ido da shi, mu kuma na ƙwaya muke so, shi anka ba mu izini. Wani ma'aikaci can wajen masu sayarwa ya ɗauko daga kanta ta kusa. Lambar rajistar sinadarin ma daban ce, namu 50-02-2, abin da da na nemi su aiko min hoton lakabin kafin su rufe kwali da na gani cikin minti ɗaya. Ba laifin jami'ar ba ne, aikinta ta yi. Kaya sunka zauna makonni, kuɗɗin ajiya na hawa kullum, injin ƙwaya na tsaye, mai kamfani ya daina amsa gaisuwata, daga ƙarshe mayar da su anka yi. Tun ranar ban ƙara yarda a loda kaya ba sai na ga hoton lakabi da takardar gwaji ta ainihin bacin da za a aiko, wato rukunin kayan da anka haɗa a tashi ɗaya, na jera su da famit da inbois na bi harafi harafi.

Ita takardar gwajin kada ka karɓe ta don ado. Ka duba lambar baci ta yi daidai da ta jikin gwangwani, ranar yi da ranar ƙarewa, wane ma'auni anka bi, na Birtaniya ko na Amurka, ƙarfin maganin ya faɗa tsakanin kashi 97 da 103 in na Birtaniya ne, da yawan gurɓatattun da ke ciki. Ka duba sunan wa ke saman takardar, masana'antar da ta yi ko dillali ne ya sake bugawa da tambarinsa, don da yawan masu tallan nan a intanet ba su da ko tukunya ɗaya, ofis ne da waya. Ka nemi shaidar GMP ta masana'antar, wato shaidar tana bin ƙa'idojin haɗa magani mai inganci. Wani abin da zai ba ka mamaki, deksametason da betametason tagwaye ne, sinadaran da sunka haɗa su iri ɗaya ne adadi ɗaya, bambancin kawai wani ɗan reshe ne da ke kallon gaba a ɗaya yana kallon baya a ɗayan, dukansu farin gari, ido ba ya raba su sai na'ura. To wanda zai saya a Ƙonni cikin duro da mi zai gane?

Kuɗɗin kwastan da ka fi damuwa da su su ne ma mafi sauƙi a labarin. Harajin bai-ɗaya na ECOWAS da anka fara 2015 matakai biyar ne, sifiri, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kayan sarrafawa irin wanga na can ƙasa-ƙasa. Ana lissafi ne kan kuɗɗin kaya haɗe da na jigila da inshora, a canjin dala da kwastan ke amfani da shi, wanda tun da anka saki naira a Yunin 2023 shi ya fi harajin kansa cizo. Kuma a Yunin 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire haraji da VAT daga kayan haɗa magani na shekara biyu, kwastan sunka fara aiki da shi a 2025, amma ga masana'antun da ma'aikatar lafiya ta tarayya ta tantance kaɗai. Ka ga abin dariyar, muddin wanga rangwame na aiki mai bin ƙa'ida na iya fiddo kayansa ba haraji, kai kuma za ka biya ƴan fito da masu shingen hanya daga Illela zuwa Gwadabawa zuwa Kware don ka guje ma harajin da kusan babu shi.

Wasu na ce min ai ba ƙwayar maye ba ce, ba taramol ba ce, mi ya kawo tsanani. Haka ne, ba ta cikin jerin kayan maye, kuma ba irin sitiroyid na masu ɗaga ƙarfe ba ne, wancan dangin hormon ɗin maza ne. Magani ne mai daraja ƙwarai, masu asma da masu ciwon gaɓɓai da mata masu naƙudar bakwaini duk suna cin moriyarsa, a Yunin 2020 ma binciken jami'ar Oksfod ya nuna miligiram 6 a rana na rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma ni da kai mun san inda garin da ya bi ta bayan fage ke ƙarewa. Sha ka fashe na ƴan mata masu neman ƙiba kafin biki. Man bilicin. Maganin sanyi na gargajiya da ake barbaɗa masa a ɓoye, tsoho ya sha ya ji gwiwa ta saki ya ce wanga mai magani ya iya. Har ragunan layya ana ɗura musu. Akwai wata baiwar Allah da ta zo min da ƙanwarta, yarinya ba ta fi 19 ba, fuska ta yi zagaye kamar faranti, wuya ya yi tozo, ciki ya fito ƙafafu kuma sun tsuke, ga jan nankarwa a cinya da hammata, yayar na cewa ai ta yi kyau sai dai yawan fitsari da ƙishirwa ke damunta. Anka auna suga ya hau, jini ya hau. Yayar ta ce to yau ɗin nan za ta zubar da sauran ƙwayoyin a masai, na ce kul, don wata da watanni tana sha jikinta ya daina yin nasa hormon ɗin, in ta yanke rana ɗaya tana iya faɗuwa ta tafi, sai likita ya riƙa rage mata kaɗan kaɗan. Asibitin koyarwa na UDUTH na tura su da takarda. Ita waccan ƙwaya ce mai awo ta sha. Ka ƙiyasta wanda za a ɗebo gari da cokali.

Ko malaman tsangayar haɗa magunguna ta jami'ar Usmanu Danfodiyo in suna son giram kaɗan don bincike, ta DHL ma, sai sun nemi izinin NAFDAC da wasiƙar jami'a, balle duro.

In da gaske harkar magani kake son faɗaɗawa, jarin nan da za ka tura Sin ka nemi famasis ku yi yarjejeniya a rubuce, ku yi rajistar wurin sari da PCN, ka riƙa ɗauko gamammen magani mai lambar NAFDAC kai tsaye daga masana'antu ko daga cibiyar sari ta Dangwauro a Kano inda anka mayar da ƴan maganin Sabon Gari a 2024. In kuma zuciyarka na kan kayan haɗin ne lalle, to hanyarsa ta filin jirgin Kano ce ko Legas, da sito mai na'urar sanyaya da ma'aunin zafi da ake rubutawa safe da yamma, kuma ka san garinmu, watan Afrilu zafi na wuce 40 a inuwa, wuta kuwa sai addu'a, don haka kuɗɗin sola ko dizal na cikin jarin tun farko. Ofishin NAFDAC na nan cikin gari, ka je da kanka ka ce a ba ka ƙa'idojin famit na kayan haɗa magani, zuwa da kai ya fi saƙo.

Shi kuma ejan naka kafin ka tura masa ko sisi ka gwada shi da abu uku, ka ce ya aiko da sunan masana'antar da adireshinta, da takardar gwajin bacin da ke cikin duron, da hoton lakabi inda lambar baci ta fito. Duk abin da ya aiko ka turo min in duba, in kuma ya fara ce maka Alhaji kada ka damu mun saba, ka turo min wannan ɗin ma.